Likitan Lacor: shaida a kan rayuwar Dakta Matthew Lukwiya

Mu masu aikin hana yaɗuwar cuta a cikin asibiti akwai mutanen da muke ba sababbin ma'aikata labarinsu tun kafin mu miƙa musu safar hannu. Dakta Matthew Lukwiya, shugaban likitocin asibitin St. Mary's da ke Lacor, kusa da garin Gulu a arewacin Yuganda, yana sahun gaba. Ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2000, yana da shekara 43, a ɗakin killace masu Ebola wanda shi da kansa ya kafa wata biyu kafin nan. Shi ya fara gane cutar, shi ya tsara ɗakin, shi ne kuma mai tsawata wa duk wanda ya gani yana wasa da kayan kariya. Idan cuta ta iya kama irin wannan mutum, to maganar shiri ta wuce a tara ma'aikata a yi musu bitar kwana biyu a raba takardar shaida.

An haife shi a Kitgum ranar 24 ga Nuwamba, 1957. Mahaifinsa mai sayar da kifi ne, ruwa ya ci shi Matthew yana ɗan shekara 12, uwar ta ci gaba da ɗawainiyar gida da 'yar sana'arta. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, tallafin karatu ya yi ta ɗaukarsa har makarantar likitanci ta Jami'ar Makerere. A 1983 ya zo Lacor sanin makamar aiki, asibitin mishan da Dakta Piero Corti ɗan Italiya da matarsa Dakta Lucille Teasdale 'yar Kanada suke riƙe da shi tun 1961, ya kuma zauna ke nan. Yankin yana cikin yaƙi a lokacin. A 1989 'yan tawaye suka shigo za su tafi da wasu mata ma'aikatan asibitin, ya ce su ɗauke shi a madadinsu, ya yi kusan mako a hannunsu a daji kafin su sako shi. Daga baya ya je Libaful a Ingila ya yi digiri na biyu a kan cututtukan yara, aka yi masa tayin zama, ya tattara ya koma Gulu. Ita Dakta Lucille ta rasu a 1996 da cutar ƙanjamau da ta ɗauka wajen yi wa waɗanda suka ji rauni a yaƙi tiyata. Ke nan asibitin ya riga ya san jinin majiyyaci yana iya kashe mai yi masa magani.

Ranar 7 ga Oktoba, 2000, yana Kampala yana ƙarin karatu a fannin lafiyar al'umma aka kira shi a waya: wata cuta da ba a gane kanta ba ta kashe ɗalibai biyu na makarantar jinya ta asibitin, na uku yana kwance. Ya kamo hanya a ranar, ya iso ya tarar na ukun yana cikawa. A daren ya sa aka tattaro masa katunan duk waɗanda suka yi mutuwar da ba a fahimta ba cikin mako biyun da suka wuce. Ya jera su, ya sami 17 masu alamomi iri ɗaya. Ya kwana yana karanta abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka rubuta a kan zazzaɓin da ke sa zubar jini, kafin gari ya waye ya tsayar da zatonsa a kan Ebola, da safe ya sanar da ma'aikatar lafiya.

Jera katunan nan shi ne abin da asibitoci da yawa ba sa yi sai bayan an yi asara. Katin mutum ɗaya ba ya faɗin komai. Zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon gaɓoɓi, amai, gudawa, wani lokaci ciwon maƙogwaro: haka Ebola take farawa, haka Marburg da Lassa, waɗanda su ma zazzaɓi ne masu sa zubar jini, haka kuma maleriya da taifot. Ma'aikata da yawa jira suke su ga jini kafin su yi zato, alhali jini a ƙarshe yake zuwa, kuma ba ga kowa ba. A annobar Afirka ta Yamma ta 2014 waɗanda aka ga zubar jini a jikinsu ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Abin da ya kamata ya sa likita ya ajiye biro ya sake duban mutum shi ne zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya da na taifot bayan kwana biyu ko uku, ko mutum biyu uku daga gida ɗaya, ko wanda ya yi jinya ko ya taɓa gawa cikin kwana 21 da suka wuce, ko mahauci da makiyayin da kaska ta ciza ko jinin dabba ya fallatsar masa, domin ta nan zazzaɓin Kirimiya-Kwango yake shiga. Gwajin maleriya ya nuna akwai ba ya wanke mutum, biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya. Babbar alama kuwa ita ce ma'aikacin asibiti ya kwanta da zazzaɓin da ba a san kansa ba. Mutum uku na farko da aka gane Lassa a jikinsu a 1969 ma'aikatan jinya ne, biyu suka rasu. A annobar Ebola ta Yambuku a ƙasar Kwango a 1976, inda ake juya sirinji biyar a kan dukkan majiyyatan yini, ma'aikata 11 cikin 17 suka mutu. A ta Kikwit, ita ma a Kwango, a 1995 kusan rubu'in waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, haka kuma a Ruwanda a 2024 yawancin waɗanda Marburg ta kama ma'aikatan asibiti ne.

Tabbacin ɗakin gwaji daga Afirka ta Kudu bai zo ba sai 15 ga Oktoba. Dakta Matthew bai zauna jiran wannan mako ba. Ya ware ɗaki, ya nemi masu sa kai, ya fara da likita uku, ma'aikatan jinya biyar da mataimaka biyar. A irin wannan cuta zato kaɗai ya isa a killace mutum, sakamako ya biyo baya.

Tsarin ɗakin ba shi da wuyar faɗa. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, tafiya kuma hanya ɗaya ce: daga wurin sa kaya zuwa ɓangaren waɗanda ake zato, daga nan zuwa na waɗanda aka tabbatar, sai wurin cire kaya. Wanda ya wuce gaba ba ya dawowa baya, ko da ma'aunin zafi ya manta. A cikin waɗanda ake zato ma ana raba masu amai da gudawa da waɗanda zazzaɓi kawai suke yi, saboda wasunsu ba su da cutar, kada su zo da maleriya su koma da Ebola. Tsakanin gado da gado aƙalla mita ɗaya, biyu ya fi. A lulluɓe katifa da leda mai kauri, kowa da bokitinsa mai murfi, kofinsa da ma'aunin zafinsa. Duk abin da ya shiga ya shiga ke nan, biro, kati, waya, abin sauraron ƙirji. Bayanin majiyyaci ana karanto shi ne ta kan shinge wani ya rubuta a waje. A yi shinge biyu da tazarar mita biyu a tsakani don 'yan uwa su ga nasu su yi magana da shi, in ba haka ba jita-jita za ta sa a daina kawo marasa lafiya. A bakin ƙofar asibiti kuma a ajiye mai tantancewa da takunkumi da garkuwar fuska, ya tsaya aƙalla mita ɗaya daga mai shigowa, ya auna zafi ba tare da taɓawa ba, ya yi tambayoyin nan na cuɗanya, kusa da shi da ɗan ɗakin da za a zaunar da wanda aka yi zato kafin ya cakuɗu da layin masu jiran likita.

Ruwan kulorin ƙarfi biyu ake haɗawa, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Mai ƙarfi, wato 0.5 cikin ɗari, na ƙasa ne da gado da bokiti da takalmin roba da inda jini ko amai ya zuba da jakar gawa. Mai sauƙi, 0.05 cikin ɗari, na jiƙa zannuwa ne bayan wanki da kwanuka, da wanke hannu idan babu sabulu ko man goge hannu. Idan ruwan bilic ɗin da ke hannu mai ƙarfin 5 cikin ɗari ne, mudu ɗaya nasa da tara na ruwa ya ba da mai ƙarfi. Idan mai 3.5 ne, ɗaya da shida. A duba jikin kwalba, kada a ɗauka duk ɗaya ne. Idan garin kulorin ne mai ƙarfin 70 cikin ɗari, kimanin giram 7 a kowace lita, a dama a bar shi minti 30 ya kwanta, a tsiyaye na sama. Mai sauƙin kuma daga mai ƙarfin ake yinsa, ɗaya da tara na ruwa. Kullum da safe ake haɗa sabo, a cikin robar da ke da murfi, a inuwa, domin rana da zafi suna kashe ƙarfinsa, shi kuma yana cin ƙarfe. A rubuta ƙarfin da lokacin haɗawa a jikin kowane bokiti, in da hali launin bokitan ya bambanta, saboda ma'aikacin da ya wanke hannu da mai ƙarfi fatarsa za ta tsattsage, ya buɗe wa cuta ƙofa da kansa. Datti yana cinye kulorin, don haka ba a kwarara shi a kan amai a ce an gama: a rufe wurin da tsumma ko takarda mai shan ruwa, a kwashe, a wanke da sabulu, sannan a shafa mai ƙarfi a bar shi aƙalla minti 10. Feshi da ake gani a hotuna ana yi wa ma'aikaci daga sama har ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawararsa, yana fallatsa datti yana kuma ƙona ido da huhu.

Kafin ƙarshen Oktoba masu Ebola a Lacor sun kai wajen 60. Masu sa kai kaɗan ne, aikin ya fi ƙarfinsu, Dakta Matthew yana cikin ɗakin daga safe har dare. CDC ta kafa ɗakin gwaji a harabar asibitin, sakamako ya riƙa fita a wurin, amma gajiya ba ta da magani a ɗakin gwaji. Mutum cikin cikakkun kaya a wuri mai zafi ba ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya hankalinsa na tare da shi. Gumi yana taruwa a takalmi, tabarau ya yi hazo, takunkumi ya jiƙe ya manne a baki, sai hannu ya kai fuska ba tare da mai shi ya sani ba. Shi ya sa lissafin ma'aikata da na kaya ake yi da yawan shiga. Ɗauki ƙaramin ɗaki da nas biyu, masu shara biyu da likita ɗaya suke shiga sau uku a kowane canjin aiki, canji uku a yini: cikakkun kaya 45 ke nan kowace rana, ban da masu ɗaukar gawa da masu ɗibar jini. Asibitin da ke da kwali biyu a sito yana ganin ya shirya, kwana uku ba za su kai shi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ya girgiza Lacor shi ne wasu daga cikin ma'aikatan da suka rasu ba a ɗakin killacewa suke aiki ba. Haka abin yake kusan ko'ina. Na cikin ɗakin ya san da wa yake hulɗa, na ɗakin haihuwa da na tiyata da na karɓar gaggawa bai sani ba. Mace mai ciki ta zo da zazzaɓi da ɓari tana zubar jini, unguwarzoma ta tare ta da safar hannu guda da hannun riga a naɗe. Mutum ya zo da ciwon ciki mai tsanani a zaci hanji ne ya huje a buɗe shi, kamar yadda aka yi wa wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Kikwit, cutar ta bi waɗanda suka yi aikin. Mai wanki, mai shara da mai tura gawa kuwa su ake mantawa da su a wurin horo, su ne kuma suka fi kowa taɓa abin da ya fita daga jikin majiyyaci. Sai allura. Dakta Jeanette Troup ta yanke hannu tana binciken gawa a Jos, Lassa ta kashe ta a 1970. Dakta Aniru Conteh, wanda ya shafe shekaru yana riƙe da ɗakin masu Lassa a Kenema ta Saliyo, allura ce ta soke shi yana ɗibar jini a 2004, ya rasu. Ƙa'idar ba ta canza ba: kada a mayar wa allura murfinta, akwatin zubar da ita ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an taka ba, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, kada a ɗebi jini a duhu ko a jikin mai fizge-fizge sai da mai riƙewa, kuma duk maganin da zai shiga ta baki kada a ba shi ta allura. Jinin gwaji yana tafiya ne a rufi uku: kwalbar jinin, a cikin gwangwani mai murfi da abin shan ruwa, a cikin akwati mai ƙarfi, kuma a sanar da ɗakin gwaji kafin ya isa.

Cikin dare, gab da asubahin 20 ga Nuwamba, wani nas na asibitin mai suna Simon Ajok, wanda ya kamu a bakin aiki, jikinsa ya rikice. Jini yana fita ta hanci da dasashi, numfashi yana gagararsa. Ya fizge abin iskar oksijin daga fuskarsa, ya yi tari mai ƙarfi, jini da majina suka fallatsu har bango, ya sauko daga gado ya nufi baranda. Nas ɗin da ke aikin dare ya rasa yadda zai yi, aka taso Dakta Matthew daga barci. Ya sa riga, ya sa hula da takunkumi da rigar leda ta gaba da safar hannu biyu, ya shiga, babu tabarau babu garkuwar fuska. Ya mayar da abokin aikinsa gado, ya gyara shi. Simon ya cika bayan kamar awa ɗaya. Waɗanda suka bi diddigin lamarin sun fi karkata ga cewa a daren nan cutar ta shige shi.

Ba ma karanta wannan dare a matsayin laifin mutum ɗaya. Wanda aka tasa daga barci bayan mako shida na aikin da ba hutu, aka ce masa ma'aikacinsa yana mutuwa a tsaye, zai tsallake wani abu, kuma tabarau ne abin da aka fi tsallakewa. Yana hazo, yana matse fuska, kuma da yake ana wanke shi a sake amfani da shi, sau da yawa yana can a bokitin jiƙo ko a wurin shanya lokacin da sauran kaya suke jere a kan tebur. Ido kuwa ƙofa ce kamar hanci da baki. Gyaran a tsari yake. A ɗaure kaya cikakku a jaka ɗaya, kowace jaka da abin kare idonta, yadda mai gaggawa zai ɗauki jaka guda ba sai ya tsinci abu takwas ba. A tanadi tabarau ninki biyu na masu shiga, rabi na bushewa rabi na jiran aiki, a shafa ɗan sabulun ruwa a cikinsa a goge don rage hazo. Tabarau ko garkuwar fuska, ɗaya ake sawa, haɗa su yana ƙara duhu ne kawai. A bakin ƙofa a sa madubi da mai lura wanda aikinsa ke nan, dare da rana, kuma a faɗa a gaban kowa cewa yana da ikon tsayar da shugaban asibiti. Wannan ne ya fi wuyar samuwa, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya cewa babban likita ya dakata sai in babban ne ya ba shi wannan izini da bakinsa tun kafin ranar. Sa kaya yadda ya kamata yana cin minti 10 ko fiye, majiyyaci kuma dole ya jira su. Hanyar rage jiran ita ce a kowane dare a sami mutum biyu a kusa da ƙofa, sun riga sun sa kayan ciki da takalmi. Ruɗewar hankali kuma ba baƙon abu ba ne a ƙarshen wannan cuta, don haka a yi mata shiri: likita ya rubuta maganin kwantar da hankali tun da rana, a sauke katifar wanda ya fara fizge-fizge ƙasa, a kawar da allurai daga kusa da shi, a tunkare shi mutum biyu, ta gefe, kada a tsaya saitin bakinsa.

Cire kaya ya fi sa su haɗari, saboda a lokacin wajensu ya ɓaci, mai su kuma ya gaji yana son iska. Mai lura yana tsaye a ɓangare mai tsabta yana faɗin mataki ɗaya ɗaya, ba a wuce shi ko an haddace. A fara da tsabtace safar da ke hannu. A sunkuya gaba a cire rigar leda ba tare da an taɓa gabanta ba. A cire hular da ta rufe kai da wuya daga baya zuwa gaba. A tsaya gaban madubi, a ɗaga haɓa, a nemo zif a zuge har ƙasa, a fitar da kafaɗu, safar waje ta fita tare da hannun riga, sannan a naɗe rigar daga ciki zuwa ƙasa, a taka ta da takalmi a fitar da ƙafa. Sai abin kare ido, a kama igiyarsa ta ƙeya, a rufe ido a ja gaba. Sai takunkumi, igiyar ƙasa kafin ta sama, in aka fara da ta sama zai faɗo a kan ƙirji. Sai takalmi ba tare da hannu ya taɓa shi ba, safar ciki ita ce ta ƙarshe. Tsakanin kowane mataki da na gaba a tsabtace hannu, a ƙarshe a wanke shi tsirara da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60. Wanda bai maimaita wannan sau da yawa a lokacin zaman lafiya ba, har da gari ko launi a shafe a jikin kayan don ya ga inda ya taɓa, ba zai iya shi ranar da jikinsa ke rawa ba.

Ranar 24 ga Nuwamba, bayan mutum bakwai sun mutu cikin kwana ɗaya, uku ma'aikatan lafiya, ma'aikatan Lacor suka ƙi fita aiki. Ɗaruruwa suka taru a zauren makarantar jinya, wasu na cewa a rufe asibitin. Dakta Matthew, wanda shi ya koyar da yawancinsu, ya shafe yinin yana magana da su har suka koma bakin aiki. Tsoronsu yana kan hanya, kuma asibitin da ya bar amsarsa sai ranar bore ya makara. Ma'aikaci yana son ya san wa zai yi jinyarsa idan ya kamu, a wane gado, wa zai kula da iyalinsa, ina zai kwana idan yana tsoron kai cuta gida, yaushe za a biya shi alawus ɗin haɗari. A rubuta amsoshin nan tun babu annoba.

Kwana biyu bayan taron ya fara jin kamar mura. Aka zaci maleriya ce, zazzaɓi ya ci gaba da hawa, gwaji ya tabbatar da Ebola, aka kwantar da shi a ɗakin. Abin da muke koya wa ma'aikata a nan shi ne duk wanda jini ya fallatsar masa a ido ya fita nan take ta hanyar cire kaya, ya wanke idon da ruwa mai yawa, wanda allura ta soka ya wanke da ruwa da sabulu kada ya matse wurin, kuma ya faɗa a ranar, ba tare da tsoron za a hukunta shi ba. Daga nan awon zafi safe da yamma har kwana 21. Idan zazzaɓi ya zo, ya daina taɓa majiyyata a take, a gwada shi, kuma gwajin da ya nuna babu cikin awa 72 na farkon alamomi sai an maimaita shi. Kada a ba shi asfirin da danginsa masu tsinka jini, farasitamol ya isa, a kuma dage da ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa tun da wuri. Dakta Matthew ya rasu cikin daren 5 ga Disamba, aka binne shi a ranar a harabar asibitin kusa da Dakta Lucille, masu cikakkun kayan kariya ne suka sa shi a kabari, domin gawar mai Ebola ta fi mai rai yaɗa cuta.

An bayyana ƙarshen annobar ranar 27 ga Fabrairu, 2001, bayan kwana 42 babu sabon kamu. Mutum 425 suka kamu, 224 suka mutu, Lacor ya rasa ma'aikata 13 har da shi. Nau'in Ebolar da ya kashe su shi ne na Sudan. Rigakafin Ervebo da aka amince da shi a 2019 da magungunan da suka biyo baya a 2020 na nau'in Zayar ne, ba sa aiki a kan wannan, kuma da ya dawo Yuganda a 2022 ta gundumar Mubende ya sake kashe ma'aikatan lafiya bakwai. Ga Lassa akwai maganin ribabirin da ake bayarwa da wuri, amma babu rigakafin da aka amince da shi tukuna, haka ma Marburg.

Hanyar da muke gane ko asibiti ya shirya ita ce gwajin ba-zata, kuma da dare muke yinsa, ranar hutu. A turo mutum ya ce yana zazzaɓi kwana biyar, ya yi jinyar ɗan uwansa da ya rasu makon jiya, a riƙe agogo. Minti nawa kafin wani ya yi masa tambayar cuɗanya, mutum nawa suka taɓa shi kafin nan, wa ya san lambar jami'in sa ido kan cututtuka da za a kira, minti nawa kafin mutum biyu su fito cikin cikakkun kaya. Abin da aka fi samu shi ne ɗakin killacewa ya zama wurin ajiye karyayyun gadaje, garin kulorin ya dunƙule ya rasa ƙarfi, safar da ke akwai duk girma ɗaya ce, robar tabarau ta bushe ta tsinke, mabuɗin sito kuma yana aljihun wanda ya tashi aiki tun ƙarfe huɗu na yamma. Kowanne a rubuta shi da sunan mai gyarawa da ranar gamawa, a sake gwajin bayan wata uku da wasu ma'aikatan daban.